Gishirin da Ke Bakin Tambulan

Ranar Laraba, biyu ga watan Nuwamba na shekarar 1983, rana ta biyu ta bikin matattu, bayan ƙararrawar safe, Onésimo Quiroz mai hidimar coci ya buɗe ƙofar maƙabartar Santa Rita del Salitre kamar yadda ya saba yi shekara talatin, sai ya tarar da awaki kusan arba'in a tsakanin kaburbura. Da ya kore su ne ya ga abin da suka kewaye. Teódulo mai gadin maƙabarta yana kwance rub da ciki a gefen kabarin Aurelio Bañuelos, ƙeyarsa a fashe, hularsa ta kaba can gefe. A kan kabarin kuwa, tsakanin furannin rawaya da burodin da ake ajiye wa matattu, tambulan yana tsaye, babu ko ɗigo a cikinsa.

Ba ganin tambulan ɗin wayam ne ya firgita Onésimo ba, domin duk garin ya saba da wannan. Garinmu yana bakin kwarin gishiri, wanda tun ƙarni na goma sha shida yake ciyar da ma'adinan azurfa na Zacatecas, har zuwa lokacin da masu haƙar azurfa suka sami wata hanyar tace ta, suka bar mu da rijiyoyinmu da fararen kududdufanmu. A ɗaya daga cikin rijiyoyin nan na ruwan gishiri aka tsamo gawar Aurelio a watan Afrilu na 1971, aka ce santsi ne ya kwashe shi. Tun daga wannan shekara, duk ranar ɗaya ga Nuwamba da la'asar, matarsa Doña Eduviges mai mashaya takan haɗa masa miceladarsa, wato giya mai haɗin lemo da gishiri, yadda yake son ta: a shafa lemon tsami a bakin tambulan, a kifa shi cikin gishirin kwari da dakakken jan barkono, a matse lemo biyu, a ɗiga miya mai duhu sau uku, sannan a tsiyaya giya a hankali ta gefe. Sai ta ɗora a kan kabarin, ta rufe da ɗan faranti. Al'adarmu ita ce a kulle maƙabarta kafin faɗuwar rana, domin ba ya kyautuwa rayayye ya zuba wa mamaci ido yana cin abincinsa. Abincin sauran matattu ana tarar da shi yadda aka bar shi, a ce ƙamshin kawai suka ɗauka. Na Aurelio ne kaɗai ake tarar da shi ƙaf. Mutane suka ce wanda ya mutu cikin ruwan gishiri, ƙishirwarsa ba ta yankewa.

Kafin rana ta ɗaga, rabin gari ya taru a bakin ƙofar, kuma suna ɗaya ne yake yawo a bakinsu. Jiya a nan wurin, gaban kowa, wasu masu barkwanci sun tsokani Teódulo cewa shi ne fatalwar da ke shanye rabon Aurelio duk shekara. Doña Eduviges ta ajiye kwandonta ta ce, idan ta kama mai rai ya kai hannu ga tambulan ɗin nan, da hannunta za ta fasa masa kai. An yi dariya a lokacin. Yau babu mai dariya. Wata daga cikin 'yan'uwan Teódulo ta fara maganar kananzir da ashana.

Don Nicanor Saucedo, wakilin gari, shi ya hana abin ya kai can. Kompadren marigayi Aurelio ne, wato shi ya riƙe ɗansu a wurin baftisma, kuma a wajenmu wannan zumunci ya fi na jini nauyi. Shi ya sa yake kiran Eduviges komadre, ita kuma tana kiransa kompadre. Ya kama hannun Eduviges ya kai ta ɗakin baya na ofishinsa, ya kulle, ya ce don kare ta ne. Ya aika a kira 'yan sanda daga babban garin gunduma. Aka ce motarsu za ta iso kafin magariba.

*

Melquíades Rentería bai jira an kira shi ba. Shekarunsa saba'in, hamsin daga ciki ya yi su yana duƙe a kan sawun shanun sata da alfadaran da suka ɓata. Teódulo abokin wasansa na domino ne tun suna samari, kuma mamacin bai taɓa cin sa wasa da gaskiya ba.

"Ka zo a makare, Don Melquíades," in ji Nicanor, yana share gumi da hankici. "Awaki sun riga ka. Ko kai ba za ka karanta komai a wannan ƙasa ba."

"To bari in je in gaisa da awakin," in ji tsohon.

Ya shiga shi kaɗai. Gaskiyar Nicanor ce, kofato ya tattake ko'ina. Amma Melquíades ya lura da abin da bai zauna masa daidai ba. Awakin sun shigo ta ƙaramar ƙofar baya, wadda ake fitar da busassun furanni ta cikinta. Kaburbura shida na farko daga wannan ƙofa, furanninsu suna nan lafiya. Akuyar da ta shigo don kanta, furen farko da ta gani shi za ta tsaya a kai. Waɗannan sun wuce a cunkushe, kafaɗa da kafaɗa, ba su tsaya ba sai a kabarin Aurelio. Koro su aka yi. Ya nemi sawun mai korar a bayan nasu, ya tarar da zane-zanen reshen ƙaya da aka ja a ƙasa. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon sharar. An yi ta da gaggawa, amma wanda ya yi ta ya san abin da yake yi. Ya taɓa tafiya tare da mai bin sawu, ya ga abin da ake dubawa.

A bayan wani babban kabari mai rufi ya tarar da bargon Teódulo a shimfiɗe, da guntayen taba guda tara. Nan mutumin ya laɓe ya kwana yana jira. Ba giya ya zo sha ba. Ya zo ne ya kama wanda ake zaginsa dominsa.

Melquíades ya juya gawar a hankali, ya ce, "Kai ma dai, Lolo. Da ka bari sun yi ta dariyarsu." Ya duba leɓɓan mamacin, ya duba gashin bakinsa. Babu gishiri, babu jan barkono.

Sannan ya ɗaga tambulan ɗin ya sa shi tsakaninsa da rana. Gishirin yana nan zagaye da bakinsa, fari da ja, ba a taɓa shi ba, sai wuri ɗaya tak, faɗin babban yatsa, inda aka goge shi fes. Ba lasa ba ce. Harshe yakan bar danshi da gefe mai narkewa. Wannan yatsa ne ya share, sa'annan aka sa baki a wurin da aka share.

Wanda ya goge gishiri da yatsa dole ya goge yatsan a wani abu. Tsohon ya tsaya inda mai sha zai tsaya, ya miƙa hannu, hannun ya sauka a kan hannun dama na gicciyen kabarin. A nan, bisa sabuwar farar ƙasar da aka shafa makon jiya, akwai ɗan jan tabo, kamar an ja babban yatsa ƙasa.

Ya fito da wuƙarsa ya kankare farar ƙasar a gefen tabon, a hankali, kamar mai ɓare dafaffen ƙwai. Kowace shekara kafin bikin matattu ake yi wa kaburbura sabon shafi, shafi kan shafi. A ƙarƙashin na bana ya sami wani tabon, ya ɗan koɗe. A ƙarƙashinsa wani. Ya ƙirga bakwai, sauran sun manne da juna ba sa rabuwa. Iska ta taso daga kwari, mai sanyi, mai ɗanɗanon gishiri, ta kaɗa takardun ado da ke rataye a kan kaburbura. Melquíades ya mayar da wuƙarsa. Ya naɗe tambulan ɗin cikin hankici, ya sa a jakarsa.

*

Awakin na Crescencio Bañuelos ne, ƙanin marigayi Aurelio, wanda kowa ya san sun shekara biyar ba sa magana da yayansa kafin ya mutu. Melquíades ya same shi zaune a bakin shingen awakin, ya riƙe kai da hannu biyu.

"Idan sawu kake nema, tsoho, ga su can, su suka yi rubutun. Tambaye su."

"Na tambaye su. Sun ce maigidansu yana barci har ana iya sace shi tare da gadonsa."

"Ba su yi ƙarya ba." Crescencio ya tofar da yawu. "Na sha jiya. Duk shekara ina sha ranar nan, domin ba na zuwa wurinsa. Ka san wannan."

"Me ya hana ka zuwa?"

"In je in ce masa me? Ya mutu muna gaba a kan wata banzar katanga. Ita matarsa ta ce yana zuwa yana sha. To idan yana zuwa, me ya sa bai taɓa biyowa ta nan ba? Gida uku ne tsakani."

Melquíades ya duba igiyar ƙofar shingen. An kwance ta ne, ba a yanke ba, kuma kare bai yi haushi ba, in ji maƙwabta. Amma karen Crescencio ya tsufa, ya san kowa a garin, ba ya yi wa kowa haushi sai mai sayar da katifu. Crescencio kuwa ya sha bin tsohon neman awakinsa da suka ɓata. Ya san aikin reshen ƙaya.

Onésimo mai hidimar coci yana da makullin babbar ƙofa, kuma shi ma ya taɓa raka Melquíades bin sawun ɓarayin ƙararrawa a shekarar 1968. Tsohon ya same shi yana goge fitilun coci.

"Jiya ka kulle ƙofa da Teódulo a ciki?"

"Shi ya roƙe ni, Don Melquíades. Ya ce, Onésimo, ka yi kamar ba ka gan ni ba, gobe zan kawo maka fatalwar a ɗaure. Na ce masa zunubi ne. Ya ce zunubansa sun yi yawa, ɗaya ba zai canza nauyin buhun ba."

"Wa ka gaya wa?"

"Babu kowa. Na rantse da Uwar Allah." Ya ajiye fitilar da ke hannunsa. "Ni dai a ganina ba mutum ne ya kashe shi ba. Ya kalli abin da ba a kallo."

"Matattu ba sa kwance igiyar shinge, Onésimo. Da suna iyawa, da babu akuyar da ta rage a garin nan."

*

Nicanor ya buɗe wa Melquíades ɗakin baya ba da son ransa ba, ya koma gaba. Doña Eduviges tana zaune a kan benci, baƙin mayafinta a kafaɗa, bayanta a miƙe. Shekarunta hamsin da biyar, kuma ba ta taɓa barin wani ya ga hawayenta a mashayarta ba.

"Ka zo ka ga mai kisan kai?"

"Na zo in tambaye ki yadda Aurelio yake shan miceladarsa."

Ta dube shi kamar ya zautu, amma fuskarta ta ɗan saki. "Kamar agogo. Kurɓa ɗaya, ya juya tambulan kaɗan. Kurɓa ɗaya, ya juya. Kafin ya kai ƙasa ya zagaye bakin duka, ba ƙwayar gishiri ɗaya da za ta rage. Yakan ce wanda ya bar gishiri a baki ya raina aikin mutanen kwari. Ina wanke tambulan ɗinsa ne don al'ada kawai."

Melquíades ya warware hankicin ya nuna mata. "Haka kike tarar da shi?"

Ta dubi bakin tambulan ɗin. Daga waje ana jin hayaniyar mutane da kukan wata mata.

"Tun shekarar farko."

"Ba ki ce komai ba."

"Me zan ce? Na ga ya share gishirin ya sha. Na ce a raina, mutumin da ya haɗiyi ruwan rijiyar nan har ya cika, ya ƙoshi da gishiri." Ta ɗago ta dube shi. "Na yi niyyar daina sa masa. Sai na ga idan na daina, wataƙila ba zai gane tambulan ɗinsa ba."

Tsohon ya sunkuyar da kai. A cikin shekara hamsin ya sha gaya wa mutane cewa saniyarsu an yanka ta, ko ɗansu ne ɓarawon. Bai taɓa jin nauyin bakinsa kamar yau ba.

"Doña Eduviges, cikin masu zuwa mashayarki, wa yake goge gishiri da yatsa?"

"Babu. Wanda ba ya son gishiri yana shan giyarsa a kwalba." Sai ta tsaya. Idonta ya koma kan tambulan ɗin, ya daɗe a kai. Da ta sake magana, a hankali ta yi. "Idan ka fitar da ni daga nan, Don Melquíades, da wannan za ka fitar da ni?"

"Ba ni da wani."

"Kuma idan na ce ka mayar da shi jakarka?"

"Motar za ta zo kafin magariba. Za su tafi da ke, kuma ba na jin za ki dawo. Wanda ya kashe Lolo zai ci gaba da gaishe ki ta hannun ɗanki."

Ta gyara mayafinta. "Me kake so in yi?"

"Abin da kika fi kowa iyawa."

*

Da la'asar ta biyu ga Nuwamba ake sallamar matattu, iyalin kowane mamaci su sha wani abu da sunansa. Wanda aka miƙa wa kofi da sunan mamaci ba ya mayar da shi, balle kompadre. Melquíades ya gaya wa Nicanor cewa bai sami komai ba, amma ya roƙe shi ya bar matar ta sallami mijinta a mashayarta kafin a tafi da ita. Nicanor ya amince nan take. Har ya ce shi ma abin da yake tunani ke nan.

Aka buɗe mashayar. Mutanen gari suka cika ƙofa da tagogi. A teburin tsakiya aka zaunar da mutum huɗu: Crescencio, Onésimo, Nicanor, da Melquíades. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan farin mayafin teburin. Eduviges ta tsaya a bayan kanta, ta yanka lemo, ta shafa, ta kifa tambulan huɗu cikin farantin gishiri da barkono ɗaya bayan ɗaya. Babu abin da ake ji sai ƙarar wuƙa da fashewar ƙanƙara.

"Komadre," in ji Nicanor, "ni ki ba ni kwalba. Kin san likita ya hana ni gishiri."

"Shekara goma sha biyu ina ba ka kwalba, kompadre. Yau da sunan Aurelio ne." Ta ajiye tambulan a gabansa.

"Kurɓa ɗaya ba za ta kashe ka ba, Don Nicanor," in ji Crescencio. "Idan ta kashe ka ma, ai yau ce ranar. Za ka tarar da hanya a buɗe."

Wasu suka yi dariya a taga, suka yi saurin haɗiye ta.

Melquíades ya ɗaga nasa. "Domin Aurelio Bañuelos, da Teódulo da ya bi shi."

Crescencio ya zagaye bakin tambulan da harshe gaba ɗaya, kamar akuyarsa, sannan ya kwankwaɗe. Onésimo ya yi alamar gicciye, ya sa baki ta wuri ɗaya ya kurɓa, gishirin ya manne a gashin bakinsa. Nicanor ya ɗaga tambulan har kusa da fuskarsa, ya tsaya. Idonsa yana kan tagar, inda mutane ke kallonsa. Hannunsa ne ya yi aikin ba tare da ya shawarce shi ba. Babban yatsa ya hau bakin tambulan, ya share, ya sauka a kan farin mayafin teburin ya ja ƙasa. Sannan ya sha.

Melquíades ya warware hankicinsa ya ajiye tambulan ɗin kabari kusa da na Nicanor. Wuri ɗaya a goge a kowanne, faɗi ɗaya. Ya nuna jan tabon da ke kan mayafin.

"Akwai irinsa a hannun dama na gicciyen Aurelio. Na kankare na ƙirga bakwai, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, sannan wuƙata ta kasa. Duk wanda yake so ya je ya ƙarasa ƙirgar." Bai ɗaga murya ba. "Ka iya reshen ƙaya, Nicanor. A wurina ka gani, lokacin da muka bi sawun shanun Don Prisciliano da aka sace. Amma ban koya maka awaki ba."

Nicanor ya dubi tabon. Ya dubi yatsansa, kamar na wani ne aka ara masa.

"Babu wani likita," ya ce a ƙarshe.

Eduviges ta fito daga bayan kanta ta tsaya a gabansa. "Faɗa mini, kompadre."

"Ranar layina ce ta jan ruwa a rijiyar. Ya ce tasa ce. Abin da ya haɗa mu ke nan, komadre, layin ruwa. Na ture shi, turawa ɗaya. Da zai faɗa ya kai hannu ya kama ni a nan." Ya taɓa bakinsa. "Hannunsa jiƙe da ruwan gishiri. Ya zame. Na ji shi yana kira daga ƙasa, na tsaya, sannan na tafi gida. Tun ranar, duk gishirin da ya taɓa leɓena, hannun nan ne."

"To me ya kai ka kabarinsa?" in ji Crescencio.

"Shekarar farko na shiga ta ƙofar baya da asuba in roƙe shi gafara. Na ɗaga farantin. Tambulan a cike. Na tsaya ina kallonsa, sai tsoro ya kama ni cewa zan ga yana raguwa a gabana. Na ce idan ni na shanye, na san wanda ya sha." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Da gari ya waye kuka ce Aurelio ya zo. Shekara ta biyu na kasa zama a gida. Na ce idan ban je ba, kuma aka tarar da shi wayam fa?"

"Lolo kuma?" in ji Melquíades.

"Ya fito daga bayan kabari yana dariya. Ya ce, ashe kai ne, Don Nicanor, bari gari ya waye. Ya juya zai tafi. Wasa ya ɗauke shi, na sani. Amma da an tambaye ni dalili, da na faɗa. Dutsen da ake danne furanni yana kusa da ƙafata."

Daga nesa aka ji kukan mota tana hawowa daga kwari. Mutanen da ke ƙofa suka buɗe hanya ba tare da an ce su buɗe ba. Nicanor ya ciro makullin ofis daga aljihu ya ajiye a kan teburin, kusa da tabon.

Da aka watse, Eduviges ta tattara tambulan ɗin ta kai wurin wanki. Melquíades ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu.

"Ka fitar da ni," ta ce, ba ta juyo ba. "Na gode." Ta ci gaba da wanki. "Ashe bai taɓa zuwa ba. Ko sau ɗaya."

Tsohon ya sa hularsa ya fita.

*

An yanke wa Nicanor Saucedo hukunci a watan Yuni na 1984, ya mutu a kurkuku bayan shekara shida. Mashayar ta ci gaba da buɗewa, sai dai mutane sun lura mai ita ta daina raha da masu sha, kuma ta rame.

Ranar ɗaya ga Nuwamba na wannan shekara ta 1984, ba wanda ya zaci za ta zo maƙabarta da tambulan. Ta zo da shi. Crescencio ne ya riƙe mata kwando, karo na farko da ya taka wurin tun binne yayansa. Ta haɗa miceladar a kan kabarin, ta rufe da faranti. Sabon wakilin gari ya sa aka toshe ƙofar baya da bulo, aka share ƙasar da ke kewaye da kabarin, aka barbaɗa mata toka mai laushi, wadda ko ƙadangare ya bi ta kai sai an gani. Onésimo ya zagaya ko'ina, ya tabbatar babu kowa, ya kulle, ya kwana da makullin a wuyansa.

Da safe, ranar Juma'a, suka shiga tare. Tokar tana nan sumul, babu sawu, babu zanen reshe. Farantin yana ajiye a gefe. Tambulan ɗin wayam, kuma bakinsa fes yake duk zagaye, ba ƙwayar gishiri ɗaya.

Aka aika a kira Melquíades. Ya zo yana dogara sanda, domin gwiwarsa ta matsa masa a wannan shekara. Ya zagaya tokar sau biyu, ya duba katanga, ya duba gicciye. Mutane suna kallonsa, wasu kuma suna kallon takalminsa, domin kowa ya san mutum ɗaya ne a garin da zai iya taka ƙasa bai bar alama ba, kuma shi kaɗai Eduviges ta taɓa gaya wa yadda mijinta yake juya tambulan.

"Me ka karanta, tsoho?" in ji Crescencio.

"Babu komai a nan da zan iya karantawa," in ji shi.

Har ya mutu a 1991 bai ƙara kalma ɗaya a kan wannan ba, kuma Onésimo ya rantse cewa a waccan shekara ta 1984 tsohon ko matakalar coci ba ya iya hawa sai an riƙe shi, balle katangar maƙabarta.

Eduviges ba ta tambayi kowa komai ba. Ta ɗauki tambulan ɗin ta ɗaga shi ga rana, ta juya shi a hankali har ya zagayo. Sannan ta naɗe shi cikin mayafinta, ta koma gida ta buɗe mashaya.